Kyanwar Malam a Hanyar Bauchi

Da Inna ta fita takabar Malam, mahaifinmu, sai Yaya ya zo daga Bauchi, inda yake aikin gwamnati, ya ce zai tafi da ita. Babu wanda ya musa. Gidanmu na cikin birnin Zariya, can wajen Ƙofar Kuyambana, ya riga ya watse: ni ina aure a Gyallesu, ƙannena mata duk an kai su ɗakunansu, masu ɗaukar karatu a zauren Malam kuwa tun sadakar arba'in kowa ya kama gabansa. Inna kaɗai ta rage, sai wata kyanwa mai ruwan toka da Malam ya ajiye don kada ɓeraye su ci masa littattafai.

Ni dai hankalina bai kwanta da tafiyar ba. Tun ranar da aka fita da Malam, Inna ta daina magana in ba amsa gaisuwa ba. Abinci a kai mata, a ɗauke shi yadda aka kai. Matar da a da in ta fara faɗa a madafa har 'ya'yan maƙwabta sai sun shiga taitayinsu, ta koma kamar an zare mata laka. Ga kuma wani abu: Yaya ɗan farinta ne. A wajen mutanenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, Inna kuwa ta riƙe wannan kunya da hannu biyu. Ana yaye shi aka miƙa wa goggonmu, can ya girma. In tana da magana da shi, ko yana tsaye a gabanta, ni za ta duba ta ce, "Ki gaya wa wancan." To, yanzu a ɗauke ta a kai ta garin da ba ta san kowa ba sai mutumin da ba ta iya yi wa magana? Na faɗa wa mijina a fili, in aka kai Inna Bauchi a haka, ba za ta ga wata daminar ba. Shi ya sa na nemi izini in raka ta.

Ranar Asabar ce, damina ta fara kankama. Yaya ya ajiye sabuwar fijonsa a bakin lungu, don lungunmu ko jaki da mangala sai ya karkata. Motar nan yana ji da ita ƙwarai, ko ledar kujeru bai cire ba. Tun da sassafe ya bi gida yana rufe ƙofofi. Ɗakin Malam ya fi ba da ƙarfi: ya samo katako ya buga a 'yar tagar da ke sama don kada feshi ya jiƙa littattafai, ya danna kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu. Matan unguwa suka cika tsakar gida ana ta yafe juna ana share hawaye. Inna dai sai gyaɗa kai.

Har mun kai zaure ta tsaya cak. Ta dube ni ta ce, "Ki gaya wa wancan, da kyanwar za a tafi."

Yaya ya ce, "Kyanwa? A motata? Har Bauchi?"

Na ce, "Yaya, kunnenka lafiya lau, ba sai na maimaita ba."

Wannan ce doguwar magana ta farko da na ji daga bakin Inna cikin watanni, don haka ko raƙumi ta ce da shi za a tafi, sai an nema masa wuri. Aka sami kyanwar a gindin bangon ɗakin Malam tana ta ɗaga kai tana duban tagar da aka rufe. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Yaya ya kifa mata buhu, ta yakushe shi a hannu, ya yi salati ya sake kifawa. Muka tura ta cikin kwando, muka rufe da faifai, muka ɗaure da igiya. A cinyata aka ɗora, ni da Inna a baya.

Ba mu wuce Kongo ba ta fara. Na san kukan kyanwa, na yunwa da na faɗa da na iskanci a kan soro, amma irin wannan ban taɓa ji ba. Daga can ƙasan ciki yake fitowa, ta ja shi ta ja shi, ta tsaya ta sha iska, ta sake. Yaya ya kunna rediyo, ta fi rediyon. Ya kashe. Muka miƙi hanyar Jos, gonaki dama da hagu sun yi kore, mutane duƙe ana noman fari, ita kuwa ko a jikinta. Can sai na ji ɗumi a cinyata, ya gangara kan kujera.

Yaya ya shaƙi iska ya ce, "Me nake ji haka?"

Na ce, "Ka gode wa Allah da ba ka cire ledar ba."

Ya yi ta faɗa shi kaɗai, wai shi da ya je ɗauko uwa ya ɓige da dakon dabba. Na saci kallon Inna ko bakinta zai motsa. Idonta na kan gilashi, amma ba na jin tana ganin komai.

A Pambeguwa muka tsaya. Na sayi fura da nono wajen wata Bafillatana, na miƙa wa Inna, ta kurɓa sau ɗaya ta mayar mini. Na zuba nonon a murfin kwano, na ɗaga faifan kaɗan na tura wa kyanwa. Ta juya kai. Bafillatanar ta riƙe baki ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin kyanwar da ta ƙi nono ba. Muka ci gaba, ni da masu ƙin abinci biyu.

Gab da Saminaka Yaya ya gangara gindin wata ɗorawa don mu yi azahar. Da muka idar muka koma mota, sai Inna ta miƙo hannu ta janye kwandon daga cinyata. Ta kwance igiyar a hankali, ta ciro kyanwar, ta rufe ta da mayafinta tana shafa ta. Na ga hannunta ya tsaya a cikin dabbar. Ta zaro shi ta duba tafinta, ta sake mayarwa. Yatsunta a jiƙe suke.

Ta ce, "Jego take yi."

Sai a lokacin komai ya faɗo mini: kallon tagar nan, kukan nan. Ta tagar take shiga ɗakin Malam. A gidan makoki wa ya kula da cikin kyanwa? Ta haihu a ciki, mun buga katako, mun danna kwaɗo, mun ɗauko uwar mun taho.

Yaya ya murza sitiyari. Sannan ya fara lissafi irin na ma'aikata. An ci kusan rabin hanya. Litinin da safe dole ya kasance a ofis. Matarsa ta yi girki tana jira. Ya ce ga dabara: mu shiga tashar Saminaka, ya ba wani direban Zariya mabuɗin, a kai wa maƙwabcinmu ya buɗe ɗakin.

Raina ya ɓaci. Na ce, "In ya buɗe ya ba su me? Goro?"

Ya ce, "Ke, ban son rashin kunya. 'Ya'yan kyanwa ne fa, ba 'ya'yan mutum ba."

Na buɗe baki zan rama, sai na ga hannun Inna ya wuce ta gabana. Ta dafa kafaɗar Yaya. Ba ta dube ni ba, ba ta ce in gaya wa kowa ba. Shi ta duba ta madubi, ta ce, "Kai, juya. Ba mabuɗi suke nema ba, uwarsu suke nema. Ba zan iya kwana a gidanka da wannan a wuyana ba."

Mutumin nan mai gemu da 'ya'ya, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "To, Inna," da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba. Ya tada mota ya juya.

Komawar ta fi zuwan tsawo. Hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge, hanya ta yi santsi. Kyanwar ba ta daina kuka ba, amma yanzu akwai mai amsa mata. Inna na rungume da ita tana cewa, "Yi haƙuri, baiwar Allah, an kusa. Laifinmu ne." Yaya bai sake ƙorafi ba. Lokaci-lokaci yakan goge ido da bayan hannu, ya ce gilashi ne ya yi hazo.

Rana ta yi sanyi muka shigo birni. Matan da suka gama kuka da safe suka leƙo ta zaurukansu. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai baki kamar reza, ta ce, "A'a! Hajiya, Bauchin ce ta ƙi ku, ko ku kuka ƙi ta? Ku biya mu hawayenmu!" Ba wanda ya tsaya yi mata bayani.

Yaya na cire kwaɗon, kyanwar ta kufce ta shige ta tsakanin ƙafafunsa. Muka ji wani siririn kuka daga bayan gafakokin littattafai. Su uku ne, ko ido ba su buɗe ba, kwance cikin wani tsohon rawanin Malam da ta jawo ta yi shimfiɗa da shi. Biyu suka kama nono nan take. Na ukun ya yi laushi, yana ta lalube ba ya kaiwa.

Inna ba ta taka ɗakin nan ba tun rasuwar. Na ga ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafa bango. Sai kukan ƙaramin ya sake fitowa, ta cire takalmi ta shiga. Ta durƙusa, ta ɗauke shi da yatsu biyu, ta ɗora bakinsa a kan nonon, ta riƙe shi har ya fara tsotsa. Sannan ta zauna a kan buzun Malam, ta dubi rawanin, ta fashe da kukan da ba ta yi ba duk tsawon takaba. Na bar ta ta yi, ni ma ina yin nawa. Da ta lafa, ta hango Yaya a tsaye a waje ta ce, "Shigo mana, ka tsaya kamar baƙo. Ɗakin ubanka ne."

Bayan magariba tsohuwar nan ta aiko da tuwon dawa da miyar kuka. Inna ta wanke hannu ta ci loma, ta ci ta biyu, ta ɓata fuska ta ce, "Har yau matar nan ba ta koyi sa daddawa ba." Wallahi ban taɓa jin daɗin kushe irin na ranar ba. Ta kusa cinye kwanon.

Washegari muka sake kama hanya, bayan an sake yafe juna, wannan karon da dariya. Kwandon na cinyar Inna, shiru kake ji sai tsotso. Surutun ya koma wajen mai kwandon. Gonar wane ba a yi mata noma da kyau ba, garin nan sunansa me, kai, rage gudu, da masu jego a motar nan. Sunansa dai ba ta kira ba, har ta koma ga Allah ba ta kira ba, amma "kai" ɗin nan ta ishe shi. Da muka hau tudun Jos sanyi ya shigo, ya tsaya ya ciro bargo daga but ya lulluɓe su duka.

Na yi 'yan kwanaki a Bauchi na shirya komawa. Tun a Zariya na riga na gama shirya zuciyata cewa wannan sallamar ita ce ta ƙarshe, da wannan tunanin na durƙusa gabanta. Ita kuwa tana can tana rabon 'ya'yan kyanwa: wannan na jikarta ne, wannan a bar shi saboda ɗakin ajiya. Ta nuna ƙaramin ta ce, "Wannan naki ne. Amma ba yanzu ba, sai ya yi ƙwari. In an sha ruwa zan kawo miki da kaina."

Na ce, "Inna, ke da kanki? Duk nisan nan?"

Ta ce, "To da wa zan ba? Ku da ba ku san mai jego ba in kun gan ta."

Bayan ƙaramar salla, ina tankaɗe a tsakar gida, na ji ƙarar mota a ƙofa, sannan na ji muryarta tun daga zaure tana yi wa Yaya faɗa ya riƙe kwandon da kyau.