Sahun Masu Karɓar Gaisuwa

A shekarun ƙarshe na karatuna a Makka, littattafan da na fi karantawa ba na makaranta ba ne. Ƙagaggun labaran Japanawa ne da aka fassara da Larabci, irin waɗanda mutum zai yi rashi, ya haɗu da baƙon da shi ma ya yi rashi, su yi ta cin abinci tare har su wayi gari 'yan'uwa. Ban ce su suka ɓatar da ni ba. Amma ina jin sun taimaka.

Akwai wata tsohuwa a unguwar Tandabawi, haifaffiyar Makka, kakanninta Sakkwatawa. Ɗanta tilo ya rasu kafin in san ta. Wani abokina ya kai ni in cike mata takardar asibiti, daga nan duk Juma'a a gidanta nake cin abinci, har shekara biyu. Ina ce mata Inna, tana ce mini waladi, wato ɗana.

Na taɓa ba ta labarin ɗaya daga cikin littattafan, tana tsince shinkafa.

"To su ba su da dangi ne?"

"Suna da su, Inna. Zaɓa suke yi."

"Dangin ake zaɓa kamar tumatir? Ci, waladi, karatu ya mai da kai tsinke."

Na ɗauka wasa ne. Mai yiwuwa wasan ne.

Da ta rasu, a Harami aka yi mata salla. Zaman makoki a can ba irin namu ba ne. Bayan Magariba ake jera kujeru a titi, mazan gidan su tsaya a sahu, masu gaisuwa su bi su ɗaya bayan ɗaya suna dafa musu kafaɗa. Na daɗe ina shawara da zuciyata. Ni nake kai ta asibiti, ni na san lokutan maganinta. Sai na je can ƙarshen sahun na tsaya, na ma bar 'yar tazara don kada a ce na yi azarɓaɓi.

Mutum uku sun dafa kafaɗata, na amsa musu.

Sai ɗan ƙaninta, wanda ban taɓa gani a gidan ba, ya bar wurinsa ya zo gabana. Hausarsa a karye take, amma ta ishe shi.

"Ya ustaz, kai ɗan wa?"

Na fara bayani. Ina tsammanin na tsawaita, don har maganin hawan jini na ambata.

"A'a, na gane ka," ya ce da ƙarfi, ya juya ga na kusa da shi. "Wannan ne na Juma'a. Gwaggo ta ce tana ciyar da wani ɗalibi sadaka, ladan ya kai wa marigayi ɗanta." Ya dube ni yana murmushi. "Allah ya karɓa mata. Ka ƙoshi dai?"

Wani ya yi dariya, ya mai da ita tari.

Ban san ko haka ta faɗa ba. Zai iya yiwuwa ƙari ya yi. Zai iya yiwuwa kuma ta faɗa, ba tare da ta ga laifi a ciki ba. Wadda zan tambaya ba ta nan.

Ya nuna mini layin masu gaisuwa da haɓarsa. Na yi tunanin tafiya, sai na ga rashin ladabi ne a bar makoki ba gaisuwa. Na koma baya na bi layi. Da na iso kansa na dafa kafaɗarsa, na yi masa ta'aziyyar Innata. Ya amsa, idonsa na kan mutumin da ke bayana.