Mushe Timoti, Wanda Ya Cire Jan Akwati

Kullum da hantsi Mushe Timoti, wato Malam Timoti, kan fito ƙofar ƙaramin asibitin masu amosanin jini da ke Tawa, ya tsaya cikin rana da wata waya mai tsagaggen gilashi. Shi ke kula da shafin asibitin na intanet. A wurinsa, rubutun da bai karantuwa a hasken ranar ƙasar Adar ba a rubuta shi ba. Duk uban da ya gifta sai ya miƙa masa wayar: "Baba, nemo mini lambar likita." Daga nan ya yi gum, yana kallon inda ido ya sauka, da inda yatsa ya nufa.

Ni ma ya taɓa tare ni. 'Yata Haula na da ciwon, ga mu can ƙauyen Takanamat. In ya tashi, ba ni da dabara sai in kira a faɗa mini abin yi kafin mota ta samu. Na yi sama, na yi ƙasa, ban ga lamba ba.

"Ga ta nan, cikin jan akwatin da ke walƙiya."

"Wanga? Ai na ɗauka tallar kamfanin waya ce. Mu ko kallonta ba mu yi, Mushe, kar ta cinye mana kati."

Ya yi dariya har da dafa bango. "Wato da na ɗaga murya, sai kuka toshe kunne."

Bai ce idona ne ba. Ya cire akwatin, ya cire hotunan manyan baƙi, ya sa lambar can sama ita kaɗai, baƙi a kan fari. Ya sake gwadawa da Hasiya mai ƙosai, ta dangwala yatsa tun bai rufe baki ba.

Da damina ciwon ya kama Haula ina gona. Hawaye ya rufe mini ido, amma shafin na buɗewa sai ga lambar. Aka faɗa mini abin yi, aka ce mu taho yanzu. Yau tana lakkol, tana karatunta.

Mushe, watan nan za ka aje aiki. Kai ne mai haƙurin kallon idon wasu. Sunanka bai cikin shafin, amma yana bakin uwar Haula. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku masu haɗa shafuka, ku fito rana kamar shi. Ku miƙa wa uban da ke cikin tsoro wayar, ku yi shiru.