Bel ɗin yayan kakata

Jiya ina gyara akwatin kakata na ci karo da tsohon bel na fata, an yi masa shafi da fatar akuya mai laushi. Ba alamar an taɓa ɗaura shi.

Na ce, "Iya, na wane ne?"

Ta ce, "Na yayana ne, 'yar nan. Da Turawa suka ɗauke shi soja, babanmu baduku ya hana shi bel ɗin, wai tunda babu shafi zai ci masa ƙugu. Da ya gama ɗinkin ya bi shi har tashar Malam Madori a ƙafa, ya tarar jirgin ƙasa ya tashi."

"Yayan naki ya dawo?"

Ta girgiza kai, ta ce in naɗe shi a hankali.

Tun jiya na kasa karatu. Ku ma akwai irin wannan ajiyar a gidanku?