"To" Ɗin Baba

Ranar Litinin, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe tara da kwata na safe, wata ɗaliba ta tsaya a tagar akawun sashen nazarin matsalolin magana, da kati rataye a wuyanta. An rubuta a jiki: "Ina ji sarai, amma ba zan yi magana ba sai bayan kwana bakwai." Akawun ya san sunanta a takarda, amma ran nan ya fara ganin fuskarta. Rediyo ake ce mata tun tana firamare, don in ta buɗe baki sai dai a yi addu'ar ɗaukewar wuta.

Aikin aji ne. Malamarsu ta ce duk mai son kula da marasa magana, ya fara ɗanɗana rashinta. Kowa zai sa hannu a rajistar akawu ranar farawa, ya dawo ranar gamawa ya rubuta ko ya cika ko ya karya. Wanda ya karya ya rasa makin aikin.

Ita dai ba a aji ta fara sanin matsalar ba. Babanta mai gyaran agogo ne. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi, ta bar masa kalma ɗaya tak: "To." A ɗakinsa na bakin ƙofa yake wuni, kusa da teburinsa mai ƙananan durowoyi, tsofaffin abokan cinikinsa suna leƙowa ta taga su gaishe shi. Za ka sha shayi, Baba? To. A rufe taga? To. Mutanen gida har yabonsa suke yi, wai ciwo ya mayar da shi mai sauƙin kai.

Kwana biyun farko ta sha tsokana. Direban mota ya wuce da ita inda za ta sauka, ƙawayenta suka ce a ƙara mata mako guda don jama'a su huta. A rana ta uku ta shiga kanti sayen zare baƙi. Ta nuna da yatsa.

"Wannan?" in ji mai kanti, da ƙarfi kamar yana kiran na ƙetaren titi. Ta girgiza kai.

"Wannan?"

Na bayanta suka fara tsaki. Da ya ɗago na uku, shuɗi ne, sai kawai ta gyaɗa kai ta karɓa. Tana tafe tana juya zaren a hannu. Ba yarda ta yi ba, gajiya ta yi. A nan ne Baba ya faɗo mata a rai.

Daga ranar ta koma zama a ɗakinsa, ba ta tambayarsa komai tunda ba hali. Sai ta fara jin abin da surutunta ya hana ta ji. "To" ɗin shayi gajere ne, yana kallon kofi. Na rufe taga kuwa ja yake yi, idonsa a ƙasa.

A rana ta biyar babban yayanta ya zo da mota. Ya gyara wa Baba ɗaki a gidansa, hawa na biyu, da banɗaki a ciki. Niyyarsa alheri ce, kowa ya shaida.

"Baba, mun gama magana ko? Yau za mu tafi."

"Tooo," in ji Baba, idonsa a ƙasa.

"Kin ji ko, Umma? Ya yarda."

Rediyo ta zare makullin motar daga hannun yayan, ta ciro na ɗakin daga jikin ƙofa, ta ajiye su a tebur gaban Baba, tsakaninsu taƙi guda.

Yayan ya ce, "Ke Auta, wasan kurame za mu yi? Baba, na mota za ka ɗauka, ga shi nan dama da kai."

"Ku bar shi ya huta mana," in ji Umma. "Malam, ko in ɗauko maka..."

Hannun Baba mai lafiya ya ɗaga, ya tsaya a iska, ya fara komawa cinyarsa.

"Ku yi shiru!" in ji Rediyo.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar agogunan bango. An fi minti guda kafin hannun ya sake tashi. Ya sauka a kan makullin ɗakin, ya damƙe.

"To," in ji Baba, gajere, yana kallon yayan cikin ido.

Yayan ya ce, "Shekara biyu muna yi maka haka, Baba?" Ya fita ya sauke jakar da aka riga aka sa a mota.

Ranar Litinin ta gaba ta koma tagar akawu ta rubuta da hannunta: "Na karya a rana ta biyar. Kalma uku." Akawun ya ce babu wanda ya gani. Ta ce, "Malam, mutum uku suka ji." An ba ta sifili a aikin, ta ci sauran jarrabawar.

Baba ya zauna a ɗakinsa har rasuwarsa bayan shekara huɗu. Ita kuma yanzu tana aiki a sashen gyaran magana na wani asibiti, tana ganin masu shanyewar jiki ranakun Talata da Alhamis.