Yawon Arba'in ɗin Rabi

Jiya 'yata Rabi tana shirin fita yawon arba'in, ta tambaye ni me dangi suka ba ta lokacin da na zaga da ita. Na ce mata ko sabulu ɗaya ba ta samu ba.

Bakwaini na haife ta, zamanin soja, muna zaune a Hayin Banki. Sati uku ta yi a kwalba. Kwalba biyu ce a ɗakin jariran, ɗayar ta lalace.

Da ta yi ƙwari na goya ta muka shiga dangi. Duk gidan da aka ɗauko mana atamfa ko sabulu, sai in ce a ba ni kuɗinsu, gyaran kwalbar asibiti za a yi.

A Malali, Gwaggo Asabe, yayar babana, ta ɗaure fuska.

"Ke Binta, yawon arba'in kika zo ko bara?"

Na ce, "Gwaggo, ranar da aka sa Rabi a kwalbar nan, ɗan wata mata aka ciro."

Ta ce, "Ya rayu?"

"Ban iya tambaya ba."

Gwaggo ta shiga ɗaka ta yafo mayafinta. Ita ta ja ni sauran gidajen, ita ke bayani, kuma ba mai iya ce mata a'a. Kafin Rabi ta fara zama an gyara kwalbar.

Har yau in na ga magidanci sa'an Rabi, sai in ce ko shi ne. Da ku ne, da kun iya tambaya?