Bel Ɗin Malam Mijinyawa

Shekara goma sha tara Mijinyawa ya yi yana aikin ɗan sandan farin kaya a Gombe, galibi a gadin alƙalai. Ƙaramar bindigarsa tana ƙugu a ƙarƙashin riga tun safe har yamma, ba a taɓa ganin tudunta ba. In abokan aiki sun tambaye shi sirrin, sai ya ce su daina kallon bindiga, su kalli bel ɗin da ke ɗauke da ita.

Da ya yi ritaya, ya miƙa bindigar hukuma, wani ƙanen matarsa injiniya ya samo masa gadin wani rukunin gidaje a Al Wakrah, kusa da Doha. Wata huɗu da saukarsa Doha korona ta rufe gari. Aikin ya koma zama a bakin get da takunkumi, ana auna zafin goshin masu kawo saƙo. Abokin ɗakinsa Osman, mutumin zangon Kumasi, gwanin girki ne, kullum wake da shinkafa da yaji. Kafin a buɗe gari su biyun sun yi tumbi.

Da gasar kofin duniya ta matso, kamfaninsu ya tura su tsaron ƙofar wani filin wasa, aka ba Mijinyawa mutum goma sha biyu. Babu mai bindiga a cikinsu, amma kowa na rataye da oba-oba, tocila da gorar ruwa, duk a kan wani siririn bel na roba. Ranar gwaji Osman ya ruga don ya tare wata ƙofa, bel ya ninke, wando ya zame, ya ƙarasa gudun hannu ɗaya a ƙugu. Har shugabansu Bafilipine sai da ya dafa bango don dariya.

Washegari bayan sallar Juma'a Mijinyawa ya kwashe su zuwa kasuwar Al Wakrah, wurin wani baduku ɗan Sudan mai suna Aruna. Duk bel ɗin da aka miƙo masa sai ya matse gefe da gefe tsakanin yatsunsa. Wanda ya lanƙwashe ya ajiye shi. Ya ajiye wajen ashirin. Aruna ya fara haɗa rai.

"Fatar bijimi nake so, ninki biyu, a ɗinke su tare," in ji Mijinyawa. "Faɗin yatsa biyu, ramuka kusa-kusa. Kan bel ɗin kuma ƙarfe ɗaya, ba mai ado ba."

Aruna ya dube shi, ya tambaya ko shi ma baduku ne. Mijinyawa ya ce a'a, ƙugunsa ne dai ya sha wahala. Baduku ya ce khalas, wato shi ke nan, su dawo bayan kwana biyar.

Wata guda suka yi a tsaye cikin ’yan kallo, Larabawa da ’yan Ajantina da ’yan Senegal masu ganguna, babu wanda ya sake jan wando. Masu gadin sauran ƙofofi suka riƙa zuwa tambaya, shi kuwa yana kwatanta musu shagon.

Yanzu duk Juma'a yana da kujerarsa a shagon Aruna. Yana kurɓar shayin karak, ana hirar ƙwallo, in mai saye ya shigo baduku ya nuna Mijinyawa da haɓa, ya ce a tambayi Malam.