Fararen Talo-talon da Na Kai wa Inna

Tun da na buɗe ido na tarar da talo-talo a gidanmu na Ajingi. Irin da Inna ta taho da shi ne daga gidansu a Gaya, baƙaƙe masu dogayen ƙafa, ba wani naman kirki. Dusa kawai take ba su da safe, sauran su nemo da kansu: fara, gara, gyaɗar da ta zube a gona bayan an cire. Da magariba su tashi su hau tsamiyar bayan gida. Macen takan ɓace a cikin kara har mu fid da rai, sai ga ta da 'ya'ya a baya, tana hararar shirwa.

A shekarun saba'in na sami aikin koyarwa a Kano. Wani abokin aikina ya kai ni wata gonar kaji a bayan gari, inda na ga fararen talo-talo irin na ƙasashen waje, an cunkushe su a dogon ɗaki mai rufin kwano, ƙirjin kowanne kamar ƙwarya. Mai kula da su ya ce cikin 'yan watanni suke kaiwa haka. Na tuno na Inna da ke shekara ba su cika hannu ba, sai na ji kunya. Na sayi huɗu, namiji ɗaya da mata uku, na sa a mota.

Da na sauke su a tsakar gida, Inna ta daɗe tana kallonsu.

"Ɗan nan, lafiyarsu kuwa? Dubi yadda suke jan ƙafa."

"Ƙiba ce, Inna. Idan wannan namijin ya haɗu da naki, garken nan gaba ɗaya zai sauya. Amma sai an kawar da baƙaƙen mazan."

Baba, da ke gyaran fartanya a gefe, ya ce, "Ki bi maganarsa mana, ai shi ya yi karatu." Ranar kasuwa aka kai baƙaƙen mazan nan uku. Ni na ɗaure musu ƙafa da hannuna.

Abin da mai kula da gonar bai gaya mini ba shi ne, nauyin farin namijin ba ya barinsa ya hau mace. Sai ya buɗe wutsiya ya yi ta zagaye, in ya yunƙura ya faɗi gefe. Baƙaƙen matan na Inna suka yi ƙwai, suka kwanta a kai har suka rame, duk ya zama baragurbi. Su kuwa fararen ba su san kiwo ba. A gindin randa suke wuni, baki buɗe saboda zafin bazara, suna jiran a ɗebo musu dawa daga rumbu, a shekarar da mutane ma ke auna ta da tsoro.

Ina Kano wata cuta ta shigo. Da farare ta fara, suka saki fiffike suna zawo, sannan ta kama baƙaƙen, waɗanda ban taɓa ganin ɗayansu ya kwanta ciwo ba. Inna ta jiƙa ɓawon maɗaci da barkono, tana buɗe bakinsu ɗaya bayan ɗaya tana ɗura musu. Da na zo hutu, na same ta a bayan gida tana tura ƙasa a kan ta ƙarshe.

Washegari ta ɗauki kwando ta tafi Gaya, wajen yayanta, ko za a sami ko da mace ɗaya. Ashe fari ya sa sun sayar da nasu tuni. Ta bi gidaje ta tambaya, ba a samu ba. Da yamma ta dawo, ta kifa kwandon a kan rumbu, ta yi alwala.

Ba ta taɓa cewa laifina ne ba, kuma da ta faɗa, da na fi samun sauƙi. Ranar da zan koma, na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce zan nemo mata baƙaƙe ko a ina suke.

"Ka kawo mini sabulu da kananzir," in ji ta. "Abu mai rai kam, kada ka sake kawo mini."

Har Allah ya karɓi ranta ba ta ƙara kiwon ko kaza ba.